Nasarar Fada

A can wani zamani da ya shuɗe, tun ana auna tafiya da kwanaki, an yi wani Sarki a wata ƙasa mai kogi ta gabas da duwatsu ta yamma. Sunan ƙasar ya ɓace wa wanda ya ba ni labarin, ni kuma ban matsa masa ba, don goro yake ci a lokacin, kuma nawa ne. Sarkin nan ba azzalumi ba ne. Yana sauraron ƙara, yana ciyar da baƙo, yana gyara ganuwa kafin damina. Abu ɗaya ne ya kama zuciyarsa ya riƙe, shi ne dara.

Kullum in an idar da la'asar, sai a share gindin wata tsamiya a tsakar fada, inda aka haƙa gidajen dara talatin a ƙasa. Sarki ya zauna bisa buzu da tsakuwoyinsa goma sha biyu, abokin wasansa ya durƙusa da guntayen kara goma sha biyu. Kowa ya zuba 'ya'yansa a gidaje, sannan a riƙa turawa gida-gida. Wanda ya jera uku a layi ya cire wa ɗan'uwansa ɗa ɗaya, haka har a ƙarar da mutum. Shekara goma sha tara ana wannan zama, in ban da ranar farko, ba a taɓa cin Sarki ba ko sau ɗaya. Da an tashi sai sanƙira ya fita ƙofar fada ya ɗaga murya, "Sarki ya yi nasara!" Da fari ana guɗa. Daga baya mata suka mai da shelar alamar lokacin ɗora tukunyar tuwo.

Wata rana Sarki yana komowa daga duba ganuwa, sai ya bi ta bayan rumfar wanzamai. Ya ji wani magidanci yana alfahari cewa jiya sun yi gardama da matarsa a kan inda za a gina rumbu, kuma ya yi nasara. Wanzami ya ce, "Kai dai zauna a yi maka aski. Nasarar fada ce ta ba ka." Rumfa ta kwashe da dariya. Da suka hangi Sarki kuwa, dariyar ta mutu nan take, har wanda ake wa aski ya tashi da rabin kai.

Gari na wayewa Sarki ya tara fada. Ya ce, "Ina da tambaya biyu, kuma ba wanda zai tashi sai an amsa mini. Mece ce nasara? Sannan mece ce nasarar fada?"

Liman ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, asalin kalmar Larabci ne, kuma taimako take nufi, taimakon da Ubangiji ke yi wa bawansa har ya rinjayi abin da ya fi ƙarfinsa."

Sarkin Yaƙi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a wurinmu ita ce ranar da ka ga ƙeyar abokin gaba."

Madugu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu fatake in ayari ya fita ya komo ba a bar kowa a daji ba, mun yi ta ke nan."

Sarki ya ce, "Na ji ta farko har sau uku. Ta biyun fa?"

Liman ya sami wani zare a hannun rigarsa da ke bukatar a cire. A ƙarshe Waziri Barmo, tsoho mai sanyin murya wanda ya yi wa mahaifin Sarki waziranci, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, talakawa sun ga taka ba ta kuskure ko rana ɗaya. Shi ya sa duk nasarar da ba shakka a cikinta suke kiranta da sunan fada."

Sarki ya ce, "Dariyar fa?"

Waziri ya ce, "Murna ce, ranka ya daɗe."

Sarki ya ji daɗi ƙwarai, ya sallami fada.

To, a can ƙarshen sahu, kusa da inda ake tuɓe takalma, akwai wani mutum siriri mai furfura. Sunansa Nomau, shi ne Sarkin Dara, abokin wasan Sarki na kullum. Duk fadawa da baki suke roƙa wa Sarki nasara, sau ɗari a wuni. Nomau ne kaɗai ke zuwa da la'asar ya durƙusa ya haɗa ta da hannu.

Mutumin Fadamar Kurna ne, can bakin kogi. Yana da shekara talatin aka kawo shi birni, don ya cinye duk wani mai dara daga kogi har duwatsu. Ranar farko ya ci Sarki sau uku a jere, yana murna, yana tsammanin abin da aka kawo shi yi ke nan. Sarki ya tashi ya wuce zaman shari'a na yamma. Aka kawo wani mutum da akuyarsa ta ci waken maƙwabci. Sarki ya sa aka yi masa bulala arba'in, aka ƙwace akuyar.

Waziri Barmo ya ja Nomau gefe ya ce, "Ka ga bayan mutumin nan? Kai ka zane shi."

Tun daga ranar Nomau bai sake ci ba.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Cin wanda bai iya ba, kowa ma ya yi. Amma ka sa wanda bai iya ba ya ci ka, kullum, ta hanya dabam, bayan doguwar fafatawa, kuma kada ya gane, wannan aikin mutum biyu ne a kai ɗaya. Nomau yana buga nasa, yana buga na Sarki. In hannun Sarki ya nufi gida mai kyau, sai Nomau ya yi ajiyar zuciya kamar an soke shi, Sarki ya ajiye. In ya nufi gidan banza, sai Nomau ya ɗan yi murmushi, Sarki ya janye da sauri yana cewa, "Na gan ka!" In kuma lokaci ya yi da zai buɗe wa Sarki hanya da gangan, sai hannunsa na hagu ya tafi ya shafa gwiwa, shi kansa bai san yana yi ba. Sarki kuwa ya sani. Yakan gaya wa fadawa, "Da na ga Nomau ya shafa gwiwa, na san kuskure na tafe."

Yanzu gwiwoyin sun gaji. Baya ya gaji, ido ya gaji, murmushin ma ya gaji. Abin da Nomau ke so a duniya bai wuce ɗaya ba: ya koma Fadamar Kurna, inda yake da 'yar gonar albasa ta gado da jigon ban ruwa a bakin kogi, ya zauna inda ba mai bukatar a faɗi masa. Kowace kaka yakan roƙi izini. Kowace kaka Sarki yakan ce, "Haba Nomau, in ka tafi wa zai ba ni wasa mai wuya irin naka?"

Kwana uku bayan zaman tambayar nan, manzo ya iso daga Sarkin Ƙetare, wanda ke mulkin can hayin kogi. Tun kakanni kogin ne iyaka. Amma a wata damina mai ƙarfi ya rabu biyu, ya zagaye Fadamar Kurna ta gabas da ta yamma, kowane sarki ya ce reshen da ya fi nisa da shi ne kogin gaske. Manzo ya ce ubangidansa ya tsufa da zubar da jini. Yana ba da shawara a yi gasa, Sarki ya zaɓi irin wadda yake so, kowace ƙasa ta kawo gwaninta, a yi karo uku. Wanda ya yi nasara fadama tasa ce, mutanen wanda aka ci kuma su kwashe su bar ta.

Sarkin Yaƙi ya buɗe baki zai ce kokawa, don yana da wani ƙato da ke ɗaga jaki. Sarki ya riga shi.

Ya ce, "Dara. Gwanin ƙasata kuwa ni ne. Ka gaya wa ɗan'uwana, nan da kwana goma sha biyar, bisa yashin tsakiyar fadama."

Manzo ya yi wani ɗan murmushi da Nomau bai so ba. Duk mai dara ya san Sarkin Ƙetare. A hannun masunta ya koya tun yana yaro, su kuwa masunta ba sa raga wa kowa.

Da hantsi Waziri ya zo gidan Nomau da kansa, ba rakiya. Suka zauna a zaure, kowa yana sauke ƙafa da nishi.

Waziri ya ce, "Ƙauye goma sha ɗaya ne a fadamar nan."

Nomau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A ɗaya aka yanke cibiyata."

"Za ka zauna bayan Sarki ka riƙa tari. Ɗaya dama, biyu hagu."

"Ba tarina ya sani ba. Fuskata ya sani. Sai dai in za ka roƙi Sarkin Ƙetare ya ɗora ni a cinyarsa."

Waziri ya ce, "To ka gaya masa gaskiya."

"Kai ka gaya masa. Kai ne mai fassara. Na ji wadda ka yi ran nan, har ni sai da na kusa yarda."

"Nomau, na tsufa da ba'a."

"Ni ma na tsufa da faɗuwa." Nomau ya dubi ƙasa. Ya tuna jigon nan, da kukan da yake yi in an ɗaga guga. Ya ce, "Baki ba zai gaya masa ba. In baki ya faɗa, kan mai bakin zai tafi, kuma Sarki ya je yashi ya buga. Sai dai hannu ya gaya masa. Ka samo mini tabarma sabuwa da igiya."

Da la'asar, bayan ya faɗi kamar kullum, Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hannuna kaɗai ka sani, na Sarkin Ƙetare kuwa baƙo ne. Da za ka yarda, da na kawo maka baƙin hannu ka gwada. Amma in sun san kai ne, tsoro zai lalata musu wasa. Sai a rataya tabarma tsakani, kowa ya ga gidaje da hannu, kada ya ga fuska."

Sarki ya ce, "Madalla da wannan dabara. Su ma talakawa su ɗanɗana."

Washegari aka yi shiri a zauren Nomau. Aka rataya tabarma bisa tsakiyar gidajen dara, kamu ɗaya tsakaninta da ƙasa. Sarki ya cire zobba, ya sa tsohuwar riga, aka ce wani bafatake ne daga nesa mai ciwon maƙogwaro. Na farko da aka shigo da shi wanzamin nan ne. Ya cinye Sarki kafin ruwan alwala ya bushe a hannu, ya tashi yana tambaya ko baƙon na son aski. Sarki ya ɗaga ido yana neman fuskar da zai karanta, ba komai gabansa sai saƙar tabarma. Ya raɗa wa Nomau, "Sa'a ce. Kawo wani."

Nomau ya shigo da Gwamma mai daddawa. Tsohuwa ce da ta koyi dara wajen marigayi mijinta, ta wuce shi, har maza suka daina zama kusa da tallarta. Ta zauna da ƙyar, warin daddawa ya cika zaure.

Ta ce, "Nomau, in dai don wannan ka raba ni da kasuwa, Allah ya sa baƙon naka ya iya."

Ba a yi nisa ba ta fara. "Kai baƙo, nan za ka sa? To sa. Sannu da kyauta." Ta cire ɗaya. "Wannan hannu sumul haka, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba." Ta cire na biyu. "Me kake jira? Kana jira in yi maka nishi ne?" Ta cire na uku da na huɗu. Nomau yana tsaye jikin bango, yana jin kowace tsakuwa kamar daga haƙarƙarinsa ake cire ta.

Da ta share shi sau biyu sai tausayi ya kama ta. Ta ce, "Ɗana, wanda ya koya maka dara ya cuce ka. Amma kai baƙo ne, bai kamata ka koma garinku da kunya ba. Zuba mu sake, in ba ka nasarar fada guda ɗaya ka tafi da ita."

Daga bayan tabarma murya ta fito, ƙasa-ƙasa, "Mece ce ita?"

Gwamma ta ce, "Au, ba ku da ita a garinku? Wadda ake ba mutum don a zauna lafiya mana. Ai da gani ake gane ta. Wanda aka ci sai ya tashi yana murmushi, har da godiya. Ta gaske kuwa, ɗana, wanda aka ci ko tuwo ba ya iya haɗiya ranar. Mijina kwana biyu yake yi ba ya yi mini magana, Allah ya jiƙansa."

Nomau ya rufe ido. Ba wannan ya shirya ba, amma ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, mai nauyi, wanda ya manta yana ɗauke da shi. Ya raka tsohuwa ƙofa, ya komo ya durƙusa. Sarki ya fizge tabarma, igiya ta tsinke.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun rana ta biyu, Allah ya ba ka..."

"Kada ka ƙarasa. Rana ta farko fa?"

"Ranar ce aka yi wa mai akuya bulala arba'in."

Sarki ya dube shi har Nomau ya fara lissafin wanda zai gaji gonar albasa. Sannan ya kira dogarai ya ce a tsare shi. Ya koma fada, aka kawo abinci aka mayar ba a taɓa ba. Waziri ya tsaya a ƙofar zauren shari'a cikin fargaba, don akwai masu ƙara bakwai suna jira. Sai saƙo ya fito cewa kowa ya koma gida. Sarki ya ce ba zai yi wa kowa hukunci da irin zuciyar da yake ciki ba.

Kwana uku ba dara, ba shela. Tuwo ya yi latti a gidaje da yawa. A rana ta huɗu da safe aka fito da Nomau gaban fada cike.

Sarki ya ce, "Na yi tambaya biyu a nan. Ta farko malamai sun amsa. Ta biyu mai daddawa ce ta amsa, don waziraina da fadawana sun fi son lafiyata a kan gaskiyata. Ban ce ba su da dalili ba. Na ba su dalilin da kaina, a bayan wani bawan Allah." Ya juya ga Nomau. "Kai za ka buga a yashi. In ka ci, ka tafi gonarka. In aka ci ka, ba sai na yi maka komai ba, don ba gonar da za ka koma."

Ranar gasa aka taru bisa yashi, mutanen hayi biyu, kowa a gefensa. Malamai suka rantsar da sarakuna. Aka kafa doka cewa da an fara zubi, ba mai magana sai an tashi. Sarkin Ƙetare ya zauna da kansa, da rawani da alkyabba, mutum mai cika ido. Nomau ya durƙusa gabansa.

A karon farko Nomau ya ji abin da ya manta da shi. Hannun da ke gabansa ya iya, ba ya bukatar a ja shi. Wasa ya yi daɗi, Nomau ya cire uku, an cire masa ɗaya. Sai ya ɗaga ido. Ya ga rawani, ya ga alkyabba, ya ga goshin sarki ya murtuke. Kafin tunaninsa ya iso, hannun hagu ya shafa gwiwa, na dama ya ɗauke karan da ke tsare hanya. Sarkin Ƙetare ya shiga ta nan, bai fita ba sai da ya share shi. Nomau ya ji bakinsa yana murmushi, har ya fara cewa, "Allah ya ba ka..." sannan ya kama kansa. Wata mata daga cikin mutanen fadama ta fara ɗaure kayanta a zane.

Sarki ya kira shi gefe ya ce, "Na ga gwiwar."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sa shi ba. Hannun ne. Ya ga sarki ya ɓata rai."

"Shekara goma sha tara ban koyi dara ba, amma na koyi Nomau." Sarki ya taka zuwa wurin ɗan'uwansa ya ce, "Gwanina talaka ne, kwarjininka ya rikita shi. Ka yarda a rataya tabarma tsakaninku?" Sarkin Ƙetare ya shafa gemu, maganar ta yi masa daɗi, ya ce a rataya har biyu in ana so.

Aka kafa sanduna, aka rataya. Yanzu ba rawani, ba goshi, sai hannu da gidaje talatin. Nomau ya ci karo na biyu a hankali, kamar mai koyon tafiya bayan doguwar jinya.

Na uku ya yi tsawo har inuwar sanduna ta juya. Ya rage wa Nomau biyar, Sarkin Ƙetare huɗu, kuma Nomau ya ga hanyar gamawa sarai. Sai daga bayan tabarma aka ja tsaki, irin tsakin da sarakuna kaɗai ke ja, wanda in an ji shi ake tunanin bayan wani. Jikin Nomau ya amsa kafin shi. Hannun hagu ya tashi ya nufi gwiwa.

Ya tarar da wani hannu a wurin. Sarki ne, ya sauko daga shimfiɗarsa ya zauna a yashi kamar kowa, ya ɗora tafinsa bisa gwiwar nan mai ciwo, ya danne. Bai ce komai ba, doka ta hana. Nomau ya dubi hannun, ya dubi gidaje, ya tura karansa inda ya kamata. Ya cire ɗaya. Ya komo ya cire wani. Sarkin Ƙetare ya watsa sauran da ƙafa, ya tashi ba sallama, ya shiga jirginsa. Rantsuwa dai ya riƙe ta, don mutumin kirki ne, fushi kawai yake yi.

Sanƙira ya cika ƙirji ya fara, "Sarki ya yi..."

Sarki ya ce, "Nomau."

Sanƙira ya tsaya, ya gwada a hankali sau biyu, don harshensa bai saba ba, sannan ya faɗa. Ƙauye goma sha ɗaya suka ɗauka da guɗa. Nomau kuwa bai ji wani farin ciki mai tashi sama ba. Barci kawai yake ji. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa, sai da mutum biyu suka kama shi.

Sarki ya nuna masa wajen kurna ya ce, "Ga gonarka can. Ba sai ka komo birni ba, za a kawo maka iyalinka da kayanka."

Da Sarki ya koma gida ya sa aka nemo mai akuya. An same shi ya tsufa, tabo na nan. Sarki ya roƙi gafararsa gaban jama'a, ya haɗa shi da garken awaki. Sannan ya yi doka cewa daga yau zaman shari'a da safe za a riƙa yi, kafin dara. Waziri Barmo da ya ji haka sai ya zauna ya riƙe kai, don dabarar ba ta fi ƙarfin tunanin shekara goma sha tara ba, kuma ba ta zo masa ba ko sau ɗaya. Ya nemi izinin hutawa, aka ba shi.

Gwamma da ta ji wanda ta zaga ta bayan tabarma, sai ta shige rumbu ta ƙi fita. Sarki ya aika aka fito da ita, ya ce ita ce abokiyar wasansa daga yau, da sharaɗi ɗaya: ranar da ta ba shi irin waccan da ta yi masa tayi, ranar za su ɓata. Ta ce, "In dai wannan ne, ranka ya daɗe, ba za mu taɓa ɓatawa ba." Sanƙira ya rasa aikin la'asar, ya koma yin barci a gindin tsamiya. Mata suka koma duba rana.

Damina biyu ta wuce, rani na uku ya shigo. Wata safiya Nomau yana jan jigo, ruwa na bin magudana zuwa albasa, sai ga dogari ya sauko daga tudu ya yi sallama. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da guntun kara guda, ya miƙa.

Ya ce, "Sarki ya ce in kawo maka. Karan Gwamma ne na ƙarshe. Jiya ya ci ta."

Nomau ya juya karan a hannu. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau."

"Ta shafa wani wuri a jikinta kafin ta tura?"

"Ban gani ba, Baba."

"Yaya ta tashi?"

Dogari ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ta ce rana ce ta shiga mata ido. Ta ce tsakuwar Sarki ɗaya ta fi sauran girma. Ta tafi ba sallama, har ta manta takalminta. Jikarta ta ce an kai mata tuwo ta ture."

Nomau ya soke karan a bakin magudana, inda zai riƙa ganinsa. Ya ce, "To ka koma ka gaya wa Sarki, wannan ita ce." Ya kama igiyar jigo ya ci gaba da ban ruwa.

Nan wanda ya ba ni labarin ya tsaya, don goron ya ƙare.